Kashi Takwas

Ofishina a Chikaji, tagarsa na kallon injin,
ƙamshin man gyaɗa ya kama takarduna har da mayafina.
Ran ashirin da biyar nake buɗe fayil ɗin albashi,
mutum arba'in da ɗaya, kowa da layinsa.
Kashi takwas nake yankewa daga gumin kowa,
kamfani ya ɗora goma,
in tura su asusun da sai furfura ke buɗe shi.

Ishaya na Wusasa, watansa na farko, ya shigo a fusace:
"Anti Ladidi, wa ya ci kuɗina?"
Na ce ba ci aka yi ba, iri aka ware.
Manomin da ya dafa irinsa a bazara,
da me zai tari damina?
Ya ce shi dai yau yake jin yunwa.
Ban ga laifinsa ba.

Sai dizal ya yi tsada.
Alhaji Mukhtari ya kira ni, bai ɗago kai daga rasit ba:
"Na fanshon nan, a ɗan jinkirta,
in kaya sun fita Legas sai a biya."
Wata ɗaya ya haifi biyu, biyu suka zama huɗu.
Ina yankewa, ba na turawa.
Alƙalamina ya yi nauyi kamar taɓarya.

Baba Tanimu, shekara ashirin da bakwai a bakin injin,
kunnensa na hagu injin ya riga ya karɓe,
ya tuɓe takalmi a ƙofa kamar mai shiga masallaci,
ya miƙo mini waya mai tsagaggen gilashi:
"'Yata, duba mini, saƙon nan ya daina zuwa.
Ko wayar ce ta tsufa irina?"
Saura wata tara ya ajiye aiki.
Yana da fili a Dakace, bulo ya kai taga,
yana lissafin kwano da kuɗin da ke cikin durowata.

Na ce, "Baba, wayarka lafiyarta ƙalau."
Iya abin da bakina ya iya ke nan.

A daren ban runtsa ba.
Na ji jirgin ƙasa, na ji karnukan Muciya, na ji kiran assalatu.
Da safe na ɗauki fayil, na hau bene ba a kira ni ba.
Na ce, "Alhaji, wannan ba bashin banki ba ne,
ajiya ce.
Sandar tsufan mutane muka sa a murhu
don injin ya ci gaba da juyawa."
Ya yi shiru har fanka ta zaga sau nawa ban sani ba.
Ya ce, "Ke ma fa naki na ciki."
Na ce, "Layi na goma sha bakwai."

An biya wata biyu.
An sayar da tsohuwar tifa a Kwangila, an ƙara ɗaya.
Ɗaya na nan, na zagaye shi da jan biro,
kullum ina ajiye shi a saman teburinsa kafin shayi ya iso.

Jiya wayar Baba Tanimu ta yi ƙara a aljihu.
Bai ji ba, kunnen hagu ne.
Ishaya ne ya taɓa kafaɗarsa,
suka sunkuya su biyu a kan tsagaggen gilashin,
yaron na karanta masa lambobin a hankali.