Karatun Ƙanƙara

Asubahin Alƙan, ƙanƙara ta kwanta kan jan yashi,
raƙuma sun tsaya suna kallon ƙafafunsu.
Suwaiba ta zaro na'urar daga cikin rigarta,
can ta ɓoye ta, don batirin ya fi ni rakin sanyi.

Girmanta bai wuce dutsen guga ba.
Ta kifa bakinta kan farin,
zaren haske ya shiga, ya yi tambaya, ya dawo.
A fuskar gilashi sai ga ƙananan tsaunuka,
tsini nan, kwari can.

"Dizal ne," in ji ta. "Jiya mota ta tsaya."
Taku goma gaba: kitse, wani ya gasa nama.
A gindin dutse kuwa ta yi shiru.
Ta sake haskawa.
Ta cire safar hannu da haƙori.

Ni direba ne, shayi na kawo,
ya huce a hannuna ban sani ba.

"Wani abu ya rayu a nan," ta ce,
"ban san sunansa ba tukuna."

Rana ta leƙo ta bayan Dutsen Lauz.
Kafin azahar takardar za ta narke,
ga mu durƙushe, muna karatu da sauri.