Tayar Ƙanƙara a Kwangila

A Kwangila, gefen gada, inda hayaƙin tirela ke kwana,
Sallau ya ɗora taya kan taya har sun fi shi tsawo.
Na iso da a-kori-kurata tana ɗingishi,
ƙafafun baya sun suɗe ƙwal
kamar kan jariri ranar suna,
ga damina ta zauna,
ga buhun taki ashirin na jiran in kai su Hunƙuyi.

Ya mirgino mini guda, baƙa wuluk,
zanenta na haɗiye rabin yatsa.
Ya ce, “Baljiyam ce, Barau, dubi kuncinta.”
Na duba. Dutse mai kai uku,
a cikinsa wani fure mai ƙafa shida.
“Ta ƙasar sanyi ce,” in ji shi,
“can ruwa ke sandarewa bisa titi,
mota ta riƙa zamewa kamar miyar kuɓewa a ludayi.
Wadda ta riƙe ƙanƙara, taɓonku me zai yi mata?”

Ni ƙanƙarar da na sani
ita ce wadda Ladiyo ke fasawa cikin zoɓo,
sai wadda kan biyo ruwan farko
ta yayyaga ganyen masara,
yara su tsince ta a kwano kafin ta narke.
Ban taɓa jin an tuƙa mota a kanta ba.

Na danna babban yatsa. Ta lotsa
kamar gurasar da aka sauke yanzu.
Ga ƙananan tsaga birjik a jikinta,
kowace siririya kamar gashin gira.
Nan na tuna Jibo.
Bara ya sayi irinta biyu, yana ta yi mana baki a tasha.
Watan Maris, azahar, kwalta na tafasa,
kafin Jaji ɗaya ta yi ƙara kamar bindiga.
Shi ya fita da ransa.
Kwandon tumatir talatin ne ba su fita ba.

Maigidana Tanimu, Allah ya jiƙansa,
da ya koya mini sitiyari yakan ce:
ba a tambayar taya kyawunta,
a tambaye ta shekarunta da garin da ta girma.
Na tofa yawu na goge lambobin nan huɗu.
Ta girmi Auwalu na, wanda ke aji uku.

Na ce, Sallau, mayar da baƙuwa.
Ba laifinta ba ne, ba ƙasarta ba ce.
Ba ni mai manyan haƙora, mai taurin kai,
wadda in ta cika baki da jar laka
za ta tofar, ta sake cizo.

Ya faɗi kuɗi. Na dafe ƙirji.
Na tafi, ya kira ni. Na dawo, ya rantse.
Mun sha shayi tsakanin albarka da albarka.
Huɗu na zo saya,
aljihu ya ce biyu,
na gaba su yi haƙuri sai an sayar da waken suya.

Yaron mai faci ya ɗaure noti yana tsalle kan sufana.
La'asar sakaliya na ɗau hanya,
hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas.
Ina sauka daga kwalta ruwa ya kece,
mota ta yi rawa, ta yi tangaɗi, ta tsaya da ƙafarta.

Sai na ji ƙwas a rufi. Ƙwas, ƙwas.
Farare kamar gujjiya suna tsalle kan bonet.
Na yi dariya ni kaɗai har gilashi ya yi gumi.
Ina tunanin waccan, can gefen gada,
a saman tuli, baki buɗe,
yau ’yan garinsu sun zo mata gaisuwa,
kuma kafin Sallau ya ja tamfol sun narke.