Tasha Ta Biyu

Shekara talatin da ɗaya ina cikin akwatin gilas,
bene na uku, Geneva, bayana tafki, gabana zaure.
Ghislaine Perroud, tafinta.
Abin da ya shiga kunnena da Ingilishi
yakan fito bakina da Faransanci
kafin mai shi ya haɗiye yawu.

Akwai 'yar fitila gefen makirufo
mai ƙirga kunnuwan da ke biye da ni.
Ran da na fara, ɗari da sittin ta nuna,
murya ta yi rawa, na kurɓi ruwa, na ci gaba.
Bara ta ce sha ɗaya.
Yau da hantsi, huɗu.

Wakilin Faris ya miƙe, ya gyara wuyan riga.
Na jingina, na ce yau kam na huta,
harshen da ya sha a nono ne, me zai yi da ni?
Sai ya buɗe baki da Ingilishi,
mai ɗingishi, mai tuntuɓe a kowace gaɓa,
ni kuwa ina biye ina tsince abin da ya zubar,
ina mayar da zancensa gidan ubansa.
Ka ji sana'a:
a biya ka don ka raka mutum ɗakinsa.

Wajen shan kofi Alastair Penhale ya ja ni gefe,
shi da aka haifa a bakin kogin Landan.
"Me suka ce ne, Ghislaine?
Kalmomin nawa ne, na shaida fuskokinsu,
amma sun yi aure a waje,
sun haifi 'ya'yan da ba sa gaishe ni."
Na yi dariya har kofi ya ɓata min takarda.
Ashe wanda ya ci kasuwar ma
bai kai ribar gida ba.

Ba kuka nake ba, kada a ce.
Kakata, can kan tuddan Gruyère,
ta sha rula a tafin hannu
don ta kira saniya da yaren dutse a cikin aji.
Faransancin nan da nake wa zaman jinya
shi ya cinye nata, ko gyatsa bai yi ba.
Kalma bakwai ta bar min gado,
uku sunayen shanu ne.
To Ingilishi, ci zamaninka,
amma gemun maƙwabcinka ne ke ci da wuta,
kuma tafki bai yi nisa ba.

Da yamma huɗu ta koma uku.
Biyu.
Ɗaya.
Ɗayan nan ya ƙi tashi.
Ya bi ni cikin kasafin kuɗi, cikin gyaran gyara,
cikin gardamar awa guda a kan waƙafi.
Na leƙa ƙasa, layi bayan layi,
kowane kunne tsirara.

Sai da aka watse na same shi
a ɗakin wayoyi, bayan matakala,
Anselmo Figueira, mai gyaran lasifika,
abin ji a kai, gurasa da cuku a cinya.
Ya ce, "Ina ɗan sha tara na zo daga Braga,
ko kuɗin burodi ban iya tambaya ba.
Da rana siminti, da dare harshen nan,
harafi harafi, ido na yaji.
Na saye shi da tsada, Madam.
Ba na barin sa yana magana shi kaɗai a ɗaki
kamar wanda ya taɓu."

Gobe ƙarfe tara, sakin layi na sha huɗu.
Zan goge gilas da hannun riga,
in danna maɓalli, in jira fitila.
Zan ce, barkanku da safiya.
Ba ƙarya a ciki:
a harshen nan, mutum ɗaya ma,
in ya isa,
ku ake ce masa.