Awa Ɗari da Goma Sha Ɗaya

Awa ɗari da goma sha ɗaya,
na ƙirga su, Muzammil, ban yi ƙari ba.
A shagon Siddiƙu, bayan kasuwar Kasala,
fanka na juyi kamar mai ciwon ƙugu,
janareto na tari, ni ina yaƙi.

Tun a wasan farko suka rantse mana
Maƙerin Tsibiri ya mutu.
Da hannuna na binne shi,
na danna maɓalli na zuba masa ƙasa.
Suka ce takobin gishiri ba ya haye ruwa,
shi ya sa na kwana uku ina zagaye tafki
bisa wani raƙumi mai fiffike, wanda ba ya tashi.

Yau ga wasa na uku, wa zan gani?
Maƙeri! Garau, har ya ajiye tumbi,
yana tallar takobin nan a tsakiyar kwalekwale.
Ko gaisuwar kunya bai yi mini ba.
To wa na binne?
Hawayen da na ɓoye wa 'yan shago,
wa zai biya ni su?

Na haɗiye, na ce mai haƙuri ya dafa dutse.
Na ceci garin marina daga farin wuta,
na ƙi cin amanar Uwar Kuraye
ko da aka yi mini tayin kambu.
Kowane zaɓi sai na yi masa tunani
kamar mai sayen gona.

Sai ga ƙarshe.
Allo ya yi fari fat.
Garin marina ya ƙone, ko ka cece shi ko ka bar shi.
Wata murya ta ce: "Wataƙila."
Shi ke nan. Sunayen masu aikin suka fara hawa
kamar tururuwa a bangon rumbu,
can ƙasa an rubuta: ragowar labari sai ka biya.

Na fito ban ce wa kowa uffan ba.
Dutsen Totil na nan inda na bar shi,
shi dai bai sauya magana ba.

A gida Baffa Ilu na daka citta a jabana.
Na zube masa ƙorafi, yana firfita gawayi.
Ya ce zauna, ka ji na kakanka:
yadda ya baro Haɗeja a ƙasa, niyyarsa Makka,
shi da jakinsa, shekara goma sha ɗaya...

Na ce Baffa, bara bakwai ka ce.
Kuma jakin a Abeshe ya mutu,
yanzu ga shi yana shan ruwa a kogin Gash.

Ya tsiyaya mini kofi, bai ko ɗago ba.
Ya ce bara na kashe shi don kuna surutu,
bana na ga hanya ta yi wa tsoho nisa.

To ƙarshen fa? Ya isa?

Bai isa ba. Guzuri ya ƙare a nan,
ya ce bari in yi damina ɗaya.
Dawa ta yi kyau. Ya haifi ubanka.
Kai ne ƙarshen, ɗan nan,
in bai yi maka ba, ka kai ƙara.

Na sha kofin, da ɗaci, da zafi.
Amma ka rubuta wannan, Muzammil:
Baffa ya ta da jakinsa don tausayi,
su sun ta da Maƙeri don sun manta.
Kuma Baffa bai nemi ko fam ɗaya ba.

Gobe in Siddiƙu ya samu fetur
ka riƙe mini kujerar kusa da taga.
Ba yafewa na yi ba.
Zan koma tsibirin ne, in tone kabarin,
in ga wane ne a ciki.