Gantsarwar Dargaza

A Na'ibawa nake aiki, 'yan katako,
inda inji ke tsaga ice ya fito sak.
Idona ya saba da tef da zaren awo,
abin da duk ya karkace, sunansa makamashi.

Wata Laraba na bi ta Ƙofar Mazugal,
zauren Baba Nomau, can gindin Dala.
Na same shi yana kwance damin dargaza
da ya iso daga Falgore a kan motar gawayi.
Na zaro ɗaya, miƙaƙƙe kamar alkalami,
na ce, Baba, ga uban bakuna.
Ya ɗaga shi, ya runtse ido guda, ya leƙa tsawonsa,
ya ce, kai wa uwarka ta tokare igiyar shanya.

Sai ya jawo wani mai gantsarwa,
ga gwiwa a tsaka, ga ƙulli kusa da kai.
Ya ce, wannan a gaɓar rafi ya tsiro.
Shekara bakwai iska na tura shi yamma,
shi ko ya nace sai ya gaida hantsi.
Ƙarfin da ya tara a wannan gardama
shi kibiya za ta ci.

Ban yarda ba.
Na sayi irinsa, na kai gida Gwammaja,
na shafe shi da mai, na gasa a bakin murhu,
na ɗaure shi jikin ƙarfen gado kwana tara.
Ya miƙe. Na yi ta nuna wa mutane.
Ruwan farko na sauka, laima ta shiga ɗaki,
da asuba na iske shi ya koma yadda Allah ya yi shi.
Na ja tsarkiya da fushi, ya ce ƙas!
Har yau da tabon a haɓata.

Baba bai yi dariya ba, goro ya ɓara.
Ya ce, gizago ba alƙali ba ne, ɗan rakiya ne.
Inda jijiyar ice ta ratse, ka ratse,
inda ta hau tudu, kar ka sare tudun.
Ƙulli kuwa a bar masa nama,
tsohon ciwo ne, ba ya son a matsa.
Wanda ya gantsare yana gudun maharbi
zai sa ka gumi kafin ka ɗana shi,
amma harbinsa kamar mari.
Wanda ya rusuna yana fuskantarka
ja da daɗi, tafiya ba nisa.

Na ce, to karkatacce yaya zai harba daidai?
Ya ɗaura tsarkiya daga kai zuwa kai,
ya ce, duba.
Reshen sama ya yi dama, na ƙasa ya yi hagu,
tsarkiyar ko ta ratsa tsakiyar mariƙi cif,
kamar Jakara da ke ta kwane-kwane
amma ta san inda za ta zuba.

Bayan la'asar muka fita kufan badala.
Ya jingina tsohuwar ƙwarya, ya ƙirga taku arba'in.
A nan na lura da bayansa,
yadda ya lanƙwashe, kafaɗar dama ta fi ta hagu tudu.
Ya ja har kunne. Ban ga tashinta ba,
ƙarar fashewar ƙwarya kawai na ji,
da wasu tantabaru da suka watse.

Jiya a wurin aiki wani katako ya fito a murɗe.
Maigida ya ce, wurga shi cikin na wuta.
Na ce to.
Yana nan ƙarƙashin bencina,
ban san me zan yi da shi ba tukuna.