Masu Karatun Herminia

A Valparaíso, inda gidaje ke rataye jikin tudu
kamar wanki a kan igiya,
shekara ashirin da shida ke nan ina jan tarago
daga bakin teku zuwa ƙoli,
in sauke, in sake ɗauka.
Sunana Herminia Quilodrán.
Littafi biyar na rubuta, ko ɗaya bai shaƙi tawadar maɗaba'a ba.
Suna kwance a akwatin keken ɗinkin mahaifiyata,
gishirin teku ya soma lasar gefensu.

Uku na almara ne:
wani birni a ƙarƙashin ruwa
inda ake biyan haraji da inuwa,
talaka ya fito da rana, ba abin da ke bin sa a ƙasa.
Biyu masu sa gaba faɗuwa:
jami'in kwastan ya buɗe kwantena,
ya tarar da agogo dubu, duk sun tsaya ƙarfe huɗu da kwata.
Kafin asuba aka tsinci hularsa a kan ruwa.

Wata maɗaba'a a Santiago ta aiko da takarda:
"Su wa kike rubuta wa? Shekarunsu nawa?
Cike gurbin."
Gurbin bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

To, ga su, tunda an tambaya.

Akwai Fresia, ma'aikaciyar jinya,
mai shigowa ƙarfe shida na safe, ido ja, takalmi a hannu.
Ita na yanka wa babi gajeru,
minti ɗaya da rabi, daidai hawa guda,
kada barci ya ƙwace ta
kafin ta san wanda ya kashe fitilar.

Akwai Don Nibaldo, tsohon masunci,
wanda teku ta haɗiye ƙaninsa
ba ta tofo ko maɓallin riga ba.
Don shi na gina birnin can ƙasa,
na sa kasuwa, na sa gidan burodi,
na bar taga ɗaya a buɗe
da wani mutum zaune yana ɗinke raga.
Ban ba mutumin suna ba. Na ce zai gane shi.

Sai wata yarinya mai tabarau ɗaure da zare.
Ba ta taɓa gaishe ni ba.
Komai karantawa take yi, har gargaɗin gobara a bango.
Mugun littafi na huɗu nata ne,
sau uku ina rushe shi ina sake gini,
don na san ba za ta sayi mugu mai arha ba.

Ba wanda ya sani cikinsu.
Su miƙo kuɗi, in miƙa canji, igiya ta yi ƙara.

An ce ajiya maganin wata rana.
Wata ranar Don Nibaldo ba ta zo ba,
an binne shi a Yuli, cikin ruwan sama,
taga tana buɗe a shafi na ɗari biyu,
mutumin yana ta ɗinki, ba baƙo.

A daren na zare babin farko na agogon,
na mance shi da gangan a kan benci.
Kwana biyu shiru.
Na ce iska ta kai wa kifaye.

Ran Alhamis yarinyar ta tsaya a gabana,
ba sannu, ba barka:
"Agogon da ke shafi na tara,
me ya sa shi kaɗai yake tafiya?"

Kuskure ne. Hannuna ya zame shekara takwas da suka wuce.
Ban gaya mata ba.
Na ja birki, na ce: "Gobe."

Yanzu ƙarfe uku na dare,
shayi ya huce, ina neman dalilin agogon nan,
takardar Santiago kuwa
na ninke ta, na tokare ƙafar teburi.