Kwalbar Gado Na Sha Huɗu

Ƙarfe biyar na asuba a Puerto Montt,
ruwa bai ɗauke ba tun Talata.
Ni ce Ximena, mai kwana da na'ura
a ɗakin gwaji, can ƙarƙashin asibiti,
inda babu taga, sai gurnanin firji.

Kwalbarka ce ke fara sauko mini,
ɗumin jikinka bai gama barinta ba.
Eliseo Barría, gado na sha huɗu,
shekara saba'in da ɗaya.
Masassaƙin jirgin ruwa ne daga Chiloé, in ji nas.
An yanke maka taƙi guda na hanji, an haɗa, an ɗinke.
Fuskarka ban sani ba.
Jininka na sani.

Hanta ba ta iya riƙe sirri ba.
Da wuƙa ta taɓa jiki, ko da ta likita ce,
sai ta saki wani furotin cikin jini,
ta yi ta kururuwa ba murya.
Si-ar-pi muke ce masa. Nawa aikin ƙirge ne.

Ranar farko, sittin da biyu.
Ta biyu, ɗari da arba'in. Ban damu ba,
wanda aka yanka dole jikinsa ya yi ƙorafi.
Ta uku, ɗari da saba'in.
Na ce, to, ka kai ƙololuwa, Don Eliseo,
gobe sai gangara.

Ta huɗu, ɗari biyu da sittin da takwas.

Na sake zubawa. Na zargi na'ura,
na zargi idona da bai runtsa ba.
Lamba ta kafe.
Fararen ƙwayoyin jini sun yi cincirindo
kamar tsuntsayen teku kan kwandon kifi a Angelmó.
A takarda kuwa an rubuta: babu zazzaɓi,
ya sha romo, ya tsokani nas,
yana tambayar yaushe za a sallame shi,
wai ya baro jirgi saura haƙarƙari biyu.

Kai da ka tsufa cikin katako ka fi ni sani,
jirgi ba ya nitsewa ta inda ake kallo.
Fenti na sheƙi a sama,
ɗan tsagi na shan ruwa a ƙasa.

Na ɗaga waya. Dakta Oyarzún, muryar barci.
"Maimaita."
Na maimaita.
Shiru. Sai na ji ƙarar kujera ta ja baya.

Kafin rana ta take aka mayar da kai tiyata.
Ɗinki ne ya saki, wuri bai fi ƙwayar wake ba,
yana yoyo a ciki, kai kana ta raha.

Washegari ɗari uku, na cije leɓe,
sabon yanka, sabon ƙorafi.
Sai ɗari biyu da goma.
Sai ɗari da ɗoriya.
Casa'in.
Arba'in da ɗaya.
Na koyi jiran kwalbarka kamar wasiƙa,
nakan ɗaga ta ga fitila kafin in saka a na'ura,
ban san me nake dubawa ba.

Rana ta sha uku tire ya sauko, babu kai.

Hanya biyu ce kwalba ke daina zuwa.
Na san maɓallin da zan danna in sani.
Na wanke hannu.
Na jera na sauran, gado biyu, gado tara,
wata jaririya mai shawara.
Na haɗa shayi, ya huce ban sha ba.
Sai da masu aikin safe suka fara shigowa
suna kakkaɓe lema, sannan na danna.

An sallame shi. 'Yarsa ta zo ɗaukarsa.

Na fito, ruwa na nan yadda na bar shi.
A tashar bas wani tsoho riƙe da ciki
yana hawa a hankali, wata na tallafe da shi.
Na dubi hannunsa, ko zan ga tabon allura,
rigar sanyi ta rufe.
Ban tambaya ba.

Daren nan kwalba ta sauko daga gado na sha huɗu.
Wani suna ne.
Hamsin da takwas, ranar farko.